Kogon Lasko a rufe yake, to me mutum zai je gani?

Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Bordeaux ta ƙasar Faransa ya aiko da tambaya. Yana son ya kai ziyara kogon Lasko, wanda mutanen zamanin da suka zana dabbobi a bangonsa, a hutun da ke tafe, amma abokan karatunsa sun kashe masa gwiwa, wai kogon ya daɗe a rufe, abin da ake nuna wa baƙi kwaikwayonsa ne aka ƙera. Yana tambaya ko haka ne, me ya jawo rufewar, kuma ko tafiyar ta kai a kashe mata kuɗin mota.

Ƙanena, abokanka ba su yi maka ƙarya ba. Kogon na asali an rufe shi tun 1963, kuma ko nawa za ka biya ba za a buɗe maka ba. Amma ni dai shawarata ka je, da sharaɗi ɗaya: kada ka tsaya a Lasko kaɗai ka juyo. Ka ware kwana biyu. Rana ɗaya ka ga kwafin, washegari ka shiga ɗaya daga cikin kogwannin gaske da har yanzu ake barin mutane su shiga, waɗanda ba su wuce tafiyar rabin awa a mota daga nan ba. Kwafin zai nuna maka iyakar gwanintar masu zanen, kogon gaske kuma zai sa ka ji a jikinka irin wurin da suka tsaya suka yi aikin. Wanda ya ga ɗaya ya bar ɗaya, ziyararsa ba ta cika ba.

A taswira da wurin sayen tikiti za ka tarar an rubuta sunan Lascaux. Tudu ne mai itatuwa a bayan garin Montignac, cikin kwarin kogin Vézère a yankin Dordogne. A watan Satumba na 1940, wata uku bayan sojojin Jamus sun ci Faransa da yaƙi, wani saurayi ɗan shekara 18 mai koyon kanikanci, Marcel Ravidat, yana yawo da karensa ya ci karo da wani rami a gurbin wata bishiya da ta tumɓuke. Ya jefa duwatsu ciki, ya ji suna ta gangarawa. Dama a garin ana labarin wata ɓoyayyiyar hanyar ƙarƙashin ƙasa, sai ya ɗauka ita ce. Ranar 12 ga watan ya komo da wuƙa da wata fitila da ya harhaɗa da kansa, tare da yara uku da ba su kai shi shekaru ba: Jacques Marsal da Georges Agnel da Simon Coencas. Suka faɗaɗa bakin ramin suka zurara ciki. Babban ɗakin farko sun ratsa shi ba su lura da komai ba saboda raunin fitilar. Sai da suka shiga wani siririn lungu inda bango ya matso kusa da su, sannan suka ga ja da baƙi da rawaya a kan farin dutse, dawaki da shanu har saman kansu.

Bayan 'yan kwanaki suka gaya wa tsohon malamin makarantar garin, Léon Laval, labari kuma ya kai ga Henri Breuil, wani limamin coci da a lokacin babu wanda ya kai shi suna a binciken zanen kogo a Turai. Breuil ya iso ranar 21 ga Satumba, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta sa kogon cikin wuraren tarihin da doka ta kare. Ravidat da Marsal suka kafa tanti a bakin ramin suna gadi, daga baya kuma suka zama masu yi wa baƙi jagora. Marsal bai rabu da wurin ba har ya mutu a 1989. Ƙaraminsu, Simon Coencas, ɗan shekara 13, Bayahude ne daga Faris. Bayan ya koma gida aka kama shi, aka kama iyayensa. Shi an sake shi saboda ƙarancin shekaru, iyayen kuwa a sansanin Auschwitz na 'yan Nazi suka mutu. Shi ne ya rage na ƙarshe cikin huɗun, sai a 2020 ya bar duniya.

Abu biyu suka tsare zanen har ya iso hannun yaran da launinsa shar. Bakin kogon na asali ya rufta tun zamanin da, ƙasa da duwatsu suka toshe shi, iska ta daina shiga da fita yadda ta ga dama. Sannan a samansa akwai shimfiɗar yumɓu mai hana ruwa ratsawa, shi ya sa babu irin tsinin duwatsun nan masu ɗigar ruwa daga rufi da ake gani a wasu kogwanni. Zafin ciki bai cika gusawa daga digiri 12 zuwa 13 ba, ko ana ƙanƙara a waje ko ana rana. Ka riƙe wannan, domin duk masifar da ta biyo baya daga taɓa wannan daidaiton ta taso.

Kogon kansa ba wani babba ba ne, duka lungunansa in an haɗa ba su wuce mita 250 ba. Amma a ɗan wurin nan an ƙirga siffofi kusan 2,000, tsakanin na fenti da waɗanda aka karta da tsinin dutse, wajen 900 daga ciki dabbobi ne. Doki ya fi kowace dabba yawa, sama da 360. Sai barewar Turai mai ƙaho reshe-reshe, wajen 90, sai shanun daji, da wata irin ɓauna mai tozo da geza da ake kira bizon, da awakin dutse, da 'yan zakuna can a ƙuryar ƙarshe. Ba a zana bishiya ba, ba a zana kogi ko tudu ba, babu bukka babu wuta. Mutum kuwa guda ɗaya tak.

Ɗakin farko shi ake kira Ɗakin Bijimai. Manyan bijimai huɗu da aka fitar da baƙin layi sun zagaye shi, mafi girmansu ya haura mita 5. Irin shanun dajin nan ne da shanun gida suka samo asali daga gare su, waɗanda ta ƙarshensu ta mutu a wani daji na ƙasar Poland a 1627. Ka yi tunanin aikin: bango lanƙwasasshe, sama da kanka, haske kuma ɗan kaɗan, kana zana ƙaho ba ka ganin inda wutsiya za ta sauka, amma in ka ja da baya dabbar ta fito daidai, ba wuyan da ya yi tsawo ba ƙafar da ta gaza. Wannan hannu ne da ya daɗe yana yi, kuma wani ne ya koya masa. A farkon jerin akwai wata dabba mai miƙaƙƙun ƙahoni biyu da zagaye-zagaye a jiki da ciki a zube, wadda har yau ba ta dace da kowace dabba da aka sani ba.

Ni abin da ya fi kama ni ba girman bijiman ba ne, wasu ɓaunaye biyu ne a can ciki da suka juya wa juna baya, kowace na shirin zabura ta nufi nata gefen. In ka iso gabansu ka dubi ƙafafun gaba. Ƙafar da ke ɗaya ɓarin jiki, mai zanen bai haɗa ta da gangar jikin ba, ya bar ɗan siririn fili da bai shafa wa launi ba. Ɗan filin nan shi ke sa ido ya ga ƙafar tana can nesa, dabbar ta taso daga bango. Inda bayansu ya haɗu ma an bar siririn layi mai haske don a san wacce ke gaba. Ɗayar tana da jan faci a gadon baya, alamar ta fara zubar da gashin sanyi. Wanda ya sa wannan facin ya daɗe yana kallon ɓauna a daji, ya san watan da take sake gashi. Haka kuma a ƙarshen siririn lungun da yaran suka fara ganin launi akwai wani doki a kife, ƙafafu sama, an naɗe shi a jikin wani dutse mai lanƙwasa, yadda ko mai zanen ba zai iya ganin kai da gindi a lokaci guda ba.

Launukan duk daga ƙasa suka fito. Ja da rawaya ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, baƙi kuma ma'adinin manganis ne, ana niƙawa a dama da ruwa. An tsinci guntayen launin da duwatsun niƙan a ƙasan kogon. Inda bango yake da farin ɓawo mai tauri da kaushi, tsinin dutse ba ya kama shi, sai su dangwala launin ko su fesa shi da baki. Gezar dawakin da za ka ga ta yi dishi-dishi, feshi ne. Inda dutsen yake da laushi kuwa sai su karta. Akwai wani ɗan zagayayyen ɗaki da aka karta wa siffofi sama da 1,000, wannan kan wancan, har rufi.

Haskensu fitila ce irin aci-balbal ɗinmu, sai dai ta dutse, kitsen dabba ne man da ake zuba mata, lagwanin kuma ɗan reshen itace. An samu sama da 100, yawancinsu faffaɗan dutse ne kawai mai ɗan kwarmi. Guda ɗaya ce aka ɓata wa lokaci, an sassaƙa ta daga jan dutse, an goge ta sumul, an yi mata mariƙi da 'yan zane-zane a kai. A ƙasan wani rami mai zurfin wajen mita 5 da ake kira Rijiya aka same ta, kuma a bangon wannan ramin ne mutumin nan guda yake. An zana shi da 'yan layuka, a miƙe kamar zai faɗi ta baya, kansa kan tsuntsu, hannu da yatsu hurhuɗu. A gabansa ɓauna ce ta sunkuyar da ƙaho, mashi ya ratsa ta, hanjinta a waje. Kusa da shi sanda ce da tsuntsu a kanta, can gefe karkanda ta ba su baya. Labari ne ake bayarwa a nan, wannan babu shakka, kuma a duk zanen kogo na Turai irinsa kaɗan ne. An kuma samu guntun igiya da aka tufka da zaren tsiro a wani sashe na kogon a 1953, abin da ke nuna yadda mutum zai iya sauka irin wannan rami.

Maganar shekaru za ta iya rikita ka, don wani littafin zai ce 17,000 wani ya ce 21,000. Dalili shi ne ba a iya auna shekarun fentin kansa. Gwajin kabon 14 sai da abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi ko ƙashi, baƙin Lasko kuwa ma'adini ne. Don haka abin da aka tsinta a ƙasa ake aunawa. A 1949 Breuil da abokan aikinsa sun yi tono a Rijiya, aka aika gawayi Chicago wurin Willard Libby, wanda ya ƙirƙiro gwajin, ya ba da wajen shekara 15,500; yana cikin gwaje-gwajen farko da aka taɓa yi da wannan hanya. Gwajin da aka yi daga baya ya ba da wajen 17,000, shi ne adadin da ya shiga littattafai. Sai dai lissafin kabon ba ya zuwa daidai da shekarun kalanda sai an gyara shi, kuma a wannan zango in an gyara ƙaruwa yake yi. Gwajin baya-bayan nan da aka yi a kan ƙasusuwan da aka kwaso daga sassa daban-daban na kogon ya tsaya a wajen shekara 21,000 zuwa 21,500 da suka wuce.

Lokacin duniya na tsakiyar zamanin ƙanƙara, arewacin Turai a binne, ruwan teku ya yi ƙasa da wajen mita 120. Mutanen kuwa 'yan Adam ne irinmu sak, da ƙirar jiki da ƙwaƙwalwa. Suna ɗinka tufafin fata da allurar ƙashi mai kafa, suna ado da duwatsun wuya da ƙwaryar kifin teku da ta fito daga nesa. Kuma ba a cikin duhun kogo suke kwana ba. Mazauninsu ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu ne masu fuskantar rana, da bukkokin fata a fili. Kogo mai zurfi wuri ne da ake shiga da niyya, a yi abin da ya kawo mutum a fita.

Mene ne wannan abin? Breuil ya ce tsafin farauta ne, a zana dabba don a samu sa'arta. Ƙasusuwan da masu zanen suka ci suka bari a kogon sun raunana wannan magana, domin mafi yawansu na barewar ƙanƙara ne, ita kuwa sau ɗaya kacal aka karta ta a bango. Abin da suke ci daban, abin da suke zanawa daban. Wasu masanan, Annette Laming-Emperaire da André Leroi-Gourhan, sun nuna cewa ba a warwatse dabbobin suke ba, akwai tsari, doki da sa ko ɓauna sukan zo tare a manyan bangaye, masu haɗari kuma a ƙurya. Jean Clottes da David Lewis-Williams sun danganta zanen da bokaye masu shiga wani hali na gushewar hankali. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne Norbert Aujoulat, don shi daga bangon ya fara. Ya shafe shekaru yana duba wane layi ne ya hau kan wane, ya gano cewa a bango bayan bango doki ake fara zanawa, sai sa, sai barewa. Ya kuma lura da gashinsu da ƙahoninsu: dawakin na farkon bazara ne, shanun na tsakiyar zafi, barewar ta kaka, kowace a lokacin barbararta. Ko mene ne ma'anar, akwai lissafin shekara a ciki. Duk wanda ya ce maka ya san fiye da haka da tabbaci, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Yanzu ga ɓangaren da ke mini ciwo. Bayan yaƙi, masu filin suka yi shirin karɓar baƙi. A 1947 da 1948 aka kwashe tulin ƙasar da ya toshe bakin kogon, aka sa ƙofa da matakala, aka rage tsayin daɓe, aka ja wutar lantarki, aka buɗe ranar 14 ga Yulin 1948. A wurin mai binciken kayan tarihi ƙasar da ke daɓe ita ce littafin. Nan gawayi yake, nan kayan aiki suka faɗi, kuma wurin da kowane abu ya kwanta shi ke faɗin wa ya riga wa. An kwashe ta da shebur. A 1957 da 1958 aka sake haƙa ramuka don binne bututun injin iska, wani limamin cocin kuma mai bincike, André Glory, yana bin leburori a baya yana tsintar abin da ya iya. Shi ne ya kwashe shekaru daga 1952 zuwa 1963 yana kwafe siffofin da aka karta, sama da 1,400, galibi da dare bayan baƙi sun watse. Ba don shi ba, da abin da muka sani game da kogon bai kai haka ba. Tambayoyi da yawa da muke yi yau, amsarsu tana cikin ƙasar da aka zubar.

Baƙi kuwa suka yi ta kwarara, har aka kai sama da mutum 1,000 a rana. Kowane mutum yana shigowa da ɗumin jiki da tururin numfashi da iskar kabon, takalmansa ɗauke da ƙwayoyin tsiro. Tururin ya kwanta a bango ya zama raɓa, raɓar ta haɗu da iskar kabon ta fara cin dutse. Tun 1955 aka ga alamu. Injin iskar da aka sa don magani sai ya zama mai yaɗa ƙwayoyin ko'ina, fitilun lantarki kuma suka ba su hasken tsirowa. Wajen 1960 koren gansakuka ya bayyana a bango, wani farin ɓawo kuma ya fara rufe wasu wurare. A watan Afrilun 1963 ministan al'adu André Malraux ya sa aka rufe. Zanen da ya yi shekara dubu ashirin lafiya lau, shekara 15 ta baƙi ta kusa gamawa da shi.

An yi feshin magani, an sauya injin da wata dabara mai sauƙi ta sanyaya iska, kogon ya lafa har aka riƙa barin mutum biyar a rana. A 1979 UNESCO ta sa shi da sauran wuraren kwarin Vézère cikin kayan tarihin duniya. Amma a 2001, bayan an sake sabunta na'urar iskar, wata farar fumfuna mai suna Fusarium solani ta mamaye daɓe ta fara hawa bango, har sai da aka barbaɗe ƙasan da farar ƙasa mai ƙuna. Wajen 2007 kuma baƙaƙen tabo suka fito. Yau masu kula da shi kaɗai ke shiga, cikin rigar kariya, ana ƙirga musu mintoci. Darasin ya yi amfani a wani wurin: kogon Chauvet da aka gano a 1994, mai zanen da ya kai shekara 36,000, ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba, kwafinsa aka gina wa baƙi.

Kwafin Lasko na farko, wanda ake kira Lasko 2, an buɗe shi a 1983, mita 200 daga na asali. Ɗakin Bijimai da siririn lungun kawai ya ƙunsa, kuma wata mai zane, Monique Peytral, ta yi shekaru tana fentinsa da irin launukan ƙasa na mutanen farko. Na uku baje koli ne mai yawo ƙasashe. Wanda za ka je shi ne Lasko 4, da aka buɗe a Disambar 2016 a gindin tudun, don a rage motoci da jama'a a saman kogon gaske. An auna bangayen asali da na'urar leza, an ƙera kowane kumburi da kwarmi, masu zane kuma suka bi da hannu. Kai ɗan Nijar wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinka, don raƙuman dawan Dabous da aka sassaƙa a dutse a arewacin Agadas an ɗauki kwafinsu a 1999, har aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas.

Ana shiga ne rukuni-rukuni tare da ja-gora, da Faransanci ko Ingilishi, wajen awa guda. An sanyaya ciki an rage haske, don haka ka riƙe rigar sanyi ko da ana zafi. Ba a ɗaukar hoto a cikin kwafin. Ka tsaya a bayan rukuni, in mutane suka matsa gaba ka samu daƙiƙu kai kaɗai da bango. Bayan an fito akwai babban zaure da aka rataye sassan bangon, ana haska layukan da aka karta ɗaya bayan ɗaya, a nan ne za ka ga abin da ko a kogon asali ido ba ya iya rarrabewa. Mutane da yawa sukan ratsa zauren da sauri, kai ka ba shi awa guda. A watannin Yuli da Agusta sai ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri.

To amma ganin Dala ba shiga birni ba. Washegari ka nufi Les Eyzies, wajen kilomita 25 daga Montignac, ka shiga Font-de-Gaume. Yana cikin kogwanni ƙalilan masu zane mai launi fiye da ɗaya da har yanzu ake barin jama'a su shiga. Wani malamin makaranta, Denis Peyrony, ya gane zanensa a Satumban 1901, kwanaki kaɗan bayan an gano na Combarelles da ke kusa. Waɗannan biyun suna cikin abin da ya sa manyan masanan Faransa suka sauko daga musun da suke yi cewa mutanen zamanin da ne suka yi irin wannan zane. Tun 1879 Marcelino Sanz de Sautuola da ƙaramar 'yarsa suka ga zanen Altamira a Sifaniya, aka zarge shi da ƙirƙira, ya mutu a 1888 ba a wanke shi ba, sai a 1902 babban mai musun, Émile Cartailhac, ya fito ya janye.

Font-de-Gaume siririn tsagi ne a cikin dutse, akwai inda sai ka karkata kafaɗa. Siffofinsa sun haura 200, wajen 80 ɓaunaye ne. Launin ya dushe, bai kai na Lasko ba, a kan wasu dabbobin ma za ka ga sunayen da mutanen da suka shiga kafin 1901 suka karta ba tare da sun san akwai zane a wurin ba. Amma ka jira ja-gora ya kawo fitilarsa ta gefe. Za ka ga tozon ɓaunar kumburin dutsen ne kansa, cikinta ma haka, mai zanen ya ga dabbar a jikin dutse ne ya bi ta da launi. In hasken ya motsa sai tsokar ta motsa. Akwai kuma barewar ƙanƙara biyu, namijin a tsaye ya sunkuyo yana lasar goshin macen da ta durƙusa; harshen ɗan ƙaramin layi ne da aka karta, sai an nuna maka. Ƙasa da mutum 100 ake bari a rana, cikin ƙananan rukunai, ana ajiye jaka a waje, kuma kada ko rigarka ta goga bango. Ka fara neman wannan tikitin kafin na Lasko, shi ne mai wuyar samu, sannan ka duba ranakun buɗewa don an saba rufe shi ran Asabar.

In kana da mota da sauran lokaci, ka ƙara da Rouffignac. Lungunansa sun kai kilomita 8, ana shiga da ɗan jirgin ƙasa mai lantarki, kuma an zana giwayen nan masu gashi na zamanin ƙanƙara 158 a ciki. Tun ƙarni na 16 ake shigarsa, amma sai 1956 aka tabbatar da zanen. Yakan rufe daga Nuwamba har bazara, don haka in hutun hunturu ne ka cire shi daga lissafi.

Daga Bordeaux zuwa Montignac wajen awa biyu ne a mota, sai dai garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Les Eyzies tana da ita, ana canji a Périgueux, don haka in ba ku haɗa kuɗi kun yi hayar mota da abokanka ba, gara ka sauka a can. Daga tashar da ƙafa za ka isa inuwar dutsen Cro-Magnon, inda aka tono ƙasusuwan mutanen wancan zamani a 1868, da gidan kayan tarihi na ƙasa da ke jikin dutsen garin, da Font-de-Gaume kansa. In tikitinsa ya gagara, ka nemi na Combarelles, ɗan gaba kaɗan a kan hanyar Sarlat. Shi babu launi sosai, siffofi ne sama da 600 da aka karta a wani matsattsen lungu, kuma mutanen da ake shiga da su a rukuni ɗaya ba su kai goma ba, don haka shi ma sai ka nema da wuri.